Marufin Idon da Na Huda

Shekarun baya, tun gemuna bai gama haɗuwa da saje ba, an yi wani wawa a garin Matameye. Kada in wahalar da ku da nema, ni ne. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya bi labarin har ƙarshe yana jiran ya ga na fito da girma.

Lokacin ba a daɗe da ɗauke gwamnan Faransawa daga Damagaram an mai da shi Yamai ba. Ni baduku ne, ɗan baduku, amma ba kamar sauran ba, don ni na yi lakwal, wato makarantar Nasara. Da aka ce kowane gari ya ba da yara, manya suka ɓoye nasu, aka tura irinmu. Shekara biyu na yi a Damagaram, na dawo da gaisuwar Faransanci, da 'yan baƙaƙen da nake muku wannan rubutu da su, da girman kai wanda ya fi su duka nauyi. Abokaina na rumfar dukanci suka sa mini Mushe, wato Malam da Faransanci, don ba'a. Ni kuwa ina amsawa da gaske.

Allah ya ba mu 'ya mace, 'yar fari. Ba zan rubuta sunanta ba, don ko da baki ban taɓa faɗinsa ba. Yaran yanzu ba su san wannan kunya ba. A zamaninmu ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi yana kuka sai ka dubi wani gefe har wani ya zo ya ɗaga shi. Uwa ma haka, ta ma fi. Saboda haka yarinyar ta fi zama a ɗakin mahaifiyata, wadda muke gida ɗaya da ita.

Bayan yaye muka lura idonta na hagu yana karkata wajen hanci. In tana kallonka, na dama yana kanka, na hagu yana can yana sha'aninsa. Matan unguwa suka fara cewa harara-garke ce. Mahaifiyata ta ce laifin masu tsayawa ta wajen kan jariri ne suna yi masa wasa. Aka sa kwalli, aka karɓo rubutu wurin malam aka wanke mata fuska da shi. Ido dai bai dawo ba.

Ana nan sai masu lambar agana suka sauka garinmu ranar kasuwa. Shugabansu lokotoro ne, wato likitan sojan Faransawa, wani dogo mai jan wuya. Mahaifiyata ce ta kai yarinyar, ni kuma na je na tsaya kusa don in an nemi mai jin Faransanci a same ni. Ba a nema ba, suna da tafinta. Da aka gama yi mata lamba, lokotoron ya riƙe haɓarta ya daɗe yana kallo. Ya sa tafin hannu ya rufe idon hagu, ba ta damu ba. Ya rufe na dama, sai ta fasa ihu tana ture hannunsa.

Ya yi bayani, tafinta ya juya mana da Hausa tsaf. Ya ce idon hagun ba makaho ba ne, malalaci ne. Ya samu ɗan'uwa mai yi masa aiki, shi ya sa ya kwanta. Maganinsa a rufe na daman tun daga safe har la'asar, kullum, a tilasta wa na hagun ya yi aiki. A riƙa ba ta ƙananan abubuwa tana tsinta. Ya ce wannan magani na ƙuruciya ne, in ta kai famfara ba a yi ba, idon ya tafi ke nan, ko shi ba abin da zai iya. Bayan wata uku mu kawo ta gidan likita a Damagaram.

Ina so ku lura, don gaskiya ta fi: na ji da Faransanci, na ji da Hausa. Babu kalmar da ta ɓace mini.

A gida mahaifiyata ta ce tunda take ba ta taɓa jin an ɗaure ƙafa mai lafiya an bar karyayya tana tafiya ba, wannan sai Nasara. Matata ta bari tsohuwa ta gama. Sai da muka keɓe ta ce mini ita dai ta ji labarin yadda yarinyar ta yi ihu da aka rufe na dama, kuma wanda ya san inda zai taɓa ta yi ihu ya san wani abu. Ta ce in ɗinka marufi.

To, nan fa aka zo wurina. Na zaɓi jar fatar akuya mai laushi, na yanke ta daidai kwarmin ido, na shimfiɗa mata farin ƙyalle ta ciki, na sa mata siraran maɗauri biyu. A tsakiya na yi mata ado da koriyar fata, wani ɗan tauraro. Ko jakar sarki ban taɓa yi wa irin wannan aiki ba.

Ranar da aka fara ɗaura wa yarinyar, gidanmu ya zama gidan makoki. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta fizge, aka mayar, ta fizge, aka mayar. Da ta gaji ta tashi za ta tafi wurin kakarta, ta yi karo da turmi, goshinta ya kumbura. Ina zaune a zaure ina jin komai, ina riƙe da takalmin wani ina yi kamar ina ɗinki. Ba dama in shiga in ɗauke ta, 'yar fari ce. Kwana huɗu aka yi haka.

A rana ta biyar ilimina ya motsa. Na ce da kaina, ni fa na san fata. Fata in ka rufe ta ba iska, fumfuna take yi ta ruɓe. Ido kuwa ai ya fi fata laushi. Wannan Bature ya san ido a ƙasarsu mai sanyi, bai san zafin Matameye ba. Za mu je neman gyaran ido ɗaya mu ruɓar da mai kyau, mu tashi ba ko ɗaya. Haka na tsara wa kaina hujja, sai ka ce alƙali. Amma gaskiyar ita ce kukan ne na kasa jurewa, kuma tunda kunya ta hana ni rarrashinta da hannu, sai na rarrashe ta da basilla.

Da la'asar da aka kwance marufin, na ce zan gyara maɗaurin. Na kai shi zaure, na huda tsakiyar tauraron nan, huda ɗaya kamar ƙwayar dawa, har ƙyallen ciki. Da yake hannu ya saba, sai na bi bakin hudar da zare na daje ta don kada ta yage. In ba ka ɗaga ta sama ba, sai ka rantse ado ne.

Washegari kuka ya tsaya. Yarinya ta ɗan karkatar da kai, ta tashi da gudu ta bi kaji. Matata ta zuba mata wake da tsakuwa a faifai, ta tsince su tas. Aka koma gero, ta tsince. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Mahaifiyata da kanta ta ce ashe Nasaran nan ba mahaukaci ba ne. Matata kuwa har da sadakar waina ranar Juma'a. Ni ma aka yaba mini, ana cewa hannun Mushe akwai albarka, ina sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Kada ku ce ban san abin da ke faruwa ba. Na ga karkatar kan nan, na san ta hudar take leƙe. Amma sai na ce ai idon hagun ma yana ɗan taɓa aiki, an raba musu ne. Gida ya yi shiru, kowa yana murna, wa zai tashi ya ɓata wannan? Wata uku cur na riƙe bakina.

Da lokaci ya yi muka ɗaura wa jaki kaya, ni da matata da yarinyar, muka bi ta Kance, muka kwana biyu a hanya. A ƙofar gidan likita na gyara riga, na shirya gaisuwata ta Faransanci. Lokotoron ya gane mu. Ya shimfiɗa bargo a ƙasa, ya ajiye ƙwayar sukari a can gefe, yarinyar tana sanye da marufinta. Ta karkata kai, ta tafi kai tsaye ta ɗauka ta jefa a baki. Matata ta yi murmushi, ni na yi gyaran murya.

Shi bai yi murmushi ba. Ya kwance marufin, ya sa tafin hannunsa ya rufe idon daman, ya sa aka ajiye wani sukarin kusa da ƙafarta. Yarinya ta miƙa hannu tana lalube a kan bargo, nan ba nan ba, ta wuce shi sau biyu, sannan ta fashe da irin kukan ranar farko.

Ya ɗauki marufin ya juya shi, ya je bakin taga ya ɗaga shi sama. Wani siririn haske ya ratso ta tsakiyar taurarona ya sauka a kan kumatunsa. Har yau in na rufe ido ina ganin ɗigon hasken nan.

Ya tambayi wanda ya ɗinka. Faransancina ya gudu ya bar ni, sai da tafinta ya maimaita. Na ce ni ne. Ya ce hudar fa? Na dubi hudar kamar yau na fara ganinta, na ce wataƙila asu ne, garinmu akwai asu ƙwarai. Ya sake dubawa, ya yi magana a hankali, tafinta ya juyo yana danne dariya.

"Ya ce asun garinku gwani ne. In ya ci fata har dajiya yake yi mata da zare."

Ba wanda ya yi dariya. Matata ta juyo ta dube ni, kallo ɗaya, ta mai da kanta ƙasa. Da ma zagina ta yi.

Na zaci zai kira gardi, wato dogarin Nasara. Zamanin nan kuwa ba abin mamaki ba ne, mun ga an ɗaure mutum a kan abin da bai kai wannan ba. Amma sai ya zauna, ya tambaye ni dalili. Na gaya masa zancen fata da iska. Ya ce ido ba ya ruɓewa don an rufe shi rabin yini, shi ya sa ya ce a buɗe da la'asar. Ya ce wata ukun nan sun tafi a banza, ba mai dawo da su, amma yarinyar tana da sauran lokaci in ba a sake yi mata wayo ba. Sannan ya ce za ta yi kuka, kukan nan shi ne alamar idon yana aiki, ranar da ta daina kuka farat ɗaya a binciki marufi.

Kwana biyun komawa gida, matata ba ta ce mini ko sannu ba. In mun sauka ta dafa, ta ajiye mini, ta koma gefe. Sai da muka hango itatuwan garinmu ta yi magana, ba ta ko dube ni ba. Ta ce ita wata uku tana zuba wake a faifai tana gode wa Allah, ashe ni ina zaure na san wasa ake yi. Ta ce in yarinyar nan ta girma da ido ɗaya, ita ba za ta gaya mata dalili ba, ni zan gaya mata da bakina.

Mahaifiyata da ta ji, ta kira ni ɗakinta kamar yaro. Na soma kawo mata bayanin iska, ta ce in rufe mata baki. Ta ce ita ce ta fi kowa ƙin maganin nan, amma tunda aka ce za a yi, ba ta taɓa sassauta maɗauri ba ko sau ɗaya, ga shi ita ce yarinyar ke kwana a jikinta. Ta ce shekara biyun da na yi a lakwal, da jaki aka tura da ya dawo da abin da ya fi wannan.

Na ɗinka marufi na biyu. Fata ninki biyu, ba tauraro, ba ado, baƙi ƙirin kamar tafin takalmi. Kowace safiya matata sai ta fito tsakar gida ta ɗaga shi ga rana, a gabana, ta duba, sannan ta ɗaura. Ba ta fasa ba ko rana ɗaya, ni kuma ban taɓa cewa don me ba.

Kuka ya dawo sabo. Rana ta biyu na ɗauki jakar aikina da sassafe zan gudu rumfar kasuwa, mahaifiyata ta tare ƙofa.

"Ina za ka? Kai ka jawo, kai za ka zauna. Ɗauki faifan nan."

Na ce Inna, 'yar fari ce fa, mutane za su gani. Ta ce lokacin da nake huda fata ban tuna da mutane ba.

Haka na zauna a tsakar gida, ni Mushe, da faifai a cinya, yarinya a gabana tana kuka da majina, ina cewa ga wake, ɗauko wake. Da farko ko goriba ba ta iya kamawa sai ta lalube. Muka fara da goriba, muka koma gyaɗa mai ɓawo. Matata ma ta ajiye tata kunyar, ta riƙa goya ta tana yi mata waƙa a gaban kowa. Mata suka yi ta gulma a bakin rijiya, wai an ga masu 'yar fari suna wasa da ita kamar jikarsu. Wata gwaggona ta taso takanas daga Ɗan Barto don ta yi mana faɗa. Matata ta ba ta fura, ta saurare ta har ta gama, ta ci gaba da abin da take yi.

Abin da ya karya kukan dai dabarar mahaifiyata ce. Wata safiya ta fito ta ɗaure idonta ɗaya da tsohon ɗankwali, ta zauna kusa da yarinyar ta ce, ƙawata, yau ni ma irin taki ce, zo mu ga wa zai riga wani. Tsohuwa da ido ɗaya tana tsintar gyaɗa tana faɗuwa da gangan, yarinya ta manta da kuka ta shiga dariya. Daga ranar kullum sai ta ɗaure, har girki take yi a haka, ta ƙone yatsa ba sau ɗaya ba. Matar da ta ce maganin hauka ne, ta fi wata biyar tana yawo a gidanta da ido ɗaya.

Abin ya zo a hankali, har ba ka iya cewa ga ranar da ya soma. Daga gyaɗa aka koma wake, daga wake aka koma dawa. Aka daina karo da turmi. Wata rana da hantsi, damina ta kusa fita, ina zaune ina yankan fata, tana gefena da baƙin marufinta. Sai ta tsuguna ta ƙura wa ƙasa ido, ta sa yatsa tana bin wani abu.

"Baba, tururuwa ta ɗauki gero."

Na duba. Ƙaramar tururuwa ce, da ƙwayar gero ɗaya a baki. Na kai hannu na shafa marufin, na tabbata ba huda. Sannan na ɗauke ta na ɗora a kafaɗa, na zaga tsakar gida da ita, mahaifiyata da matata suna kallo, har da wata maƙwabciya da ta shigo aron rariya. Ban damu ba.

Da muka koma Damagaram ba mu tarar da lokotoron ba, an mai da shi wani wuri. Wani ma'aikacinsa baƙar fata, mutumin Dahome, shi ya shimfiɗa bargon, ya rufe mata ido da hannunsa. Ta tafi ta ɗauki sukarinta. Ya ce mu ci gaba, muna rage lokacin kaɗan kaɗan, har shekara ta zagayo.

Ba zan yi muku ƙarya ba, idon bai miƙe sarai ba. Har ta girma, in ta gaji ko ta yi fushi, sai ya ɗan leƙa wajen hanci. Ko wata ukun nan ne suka rage wannan, ko da ma haka zai tsaya, Allah kaɗai ya sani, kuma na daɗe ina tambayar kaina. Amma tana gani da shi. Ta yi aure a Icirnawa, ta haifi nata, kuma da idona ya fara rauni ita ce take zura mini zare a allura in ta zo gida.

Abin da ya rage mini yau godiya ce. Faransawan nan sun ɗora mana aikin dole, sun kwashe mana samari, ban manta ba. Amma a cikinsu an samu ɗaya da ya tsaya ya riƙe haɓar 'yar baduku a tsakiyar kasuwa, ya kuma kama ni da ƙarya bai wulaƙanta ni ba. Ban san sunansa ba, ban samu na ce masa na gode ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ita na samu na gode mata, ta ce in tashi in ba ta wuri. Na kuma gane cewa tausayin da na yi taƙama da shi, kaina na ji wa. Kunnena ne ya gaji, na je na huta a kan idon yarinya. Masu tausayin gaske su ne waɗanda suka ɗaure ta tana kuka, suka zauna tare da ita har ta gama.

Sai dai kada ku ɗauka na shiryu gaba ɗaya. Ranar sunan ɗan da 'yar tawa ta fara haifa, muna zaune a ƙofar gida da abokaina da surukai, aka kawo zancen idonta. Wani daga cikin dangin mijin ya ce ya ji wai Nasara ne ya gyara shi. Na gyara zama. Na ce Nasara dai ya yi magana, magana kuwa kowa ya iya ta, amma a tambaya a ji, wa ya zauna da faifai wata da watanni? Wa ya ɗinka marufin da ya warkar da ita, fata ninki biyu, wanda ko rana ba ta ratsa shi? Jama'a suka ce sai Mushe. Ina cikin jin daɗi, ashe matata tana bayan zana tana raba tuwo, tana jin komai. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Gaskiya ne, Malam, kai ka ɗinka na biyu. To, gaya musu wanda ya ɗinka na farko."